Dutsen Da Ba Mu Hau Tare Ba

Tun da aka sa mini ranar intabiyu a ofishin jakadancin Amurka, gidanmu ya daina zama gida. Mami ta kunna kyandir a gaban hoton Uwar Altagracia, waliyyiyar ƙasarmu, ta hana ni cin soye-soye don kada ƙuraje su fito mini, ta kuma bi unguwa gida-gida tana shelar cewa Niurka ta kusa tafiya. Ni kuwa barci ya ƙaurace wa idona.

Ba tafiyar ce ke ba ni tsoro ba. Shekara shida muna tare da Wilkin, huɗu daga ciki yana garin Lawrence a Amurka yana tuƙa motar kaya, ni ina nan La Vega ina sayar da magani a kemis. A kemis ɗin muka haɗu. Ya zo sayen maganin hawan jinin mahaifiyarsa, washegari ya dawo ya ce ya manta lemarsa, alhali ko hadari babu a garin. Labarinmu ke nan, kuma ni ya ishe ni.

Ita mahaifiyar tasa, Doña Fior, ta ƙi ni tun ganin farko. Laifina biyu ne: Mami tana tuyar empanada, fanken nan mai nama a ciki, a tashar mota, sannan ni baƙa ce mai taurin gashi. A gaban mutane ta ce ɗanta ya tafi Amurka ne don ya gyara iri, ba don ya dawo ya ƙara masa duhu ba. Wadda take so ita ce Yokasta, 'yar maƙwabciyarta da ta riƙe a coci ranar baftisma, fara sol mai gashi har gadon baya, kullum tana manne da ita tana kiran ta “madrina, madrina”, wato uwar baftisma, kamar 'yar akuya. Ni kuma, a faɗarta, ba Wilkin nake so ba, biza nake so.

Wilkin bai saurare ta ba, ya shigar mini da takardun bizar aure. Wanda ya cika mana su wani mai ƙaton tumbi ne da ake kira Licenciado Pimentel, wai shi mai digiri, duk da ba wanda ya taɓa jin makarantar da ya yi. Su biyu suka gama komai ta waya. Sai da na je karɓar nawa kwafin sannan na ji abin da suka ƙulla.

“'Yata, labarin kemis ba ya fitar da biza,” ya ce yana fifita da wata tsohuwar jarida. “Duk yarinyar da ke layin nan, ko a kemis ta haɗu da nata ko a coci. Mutanen nan so suke su ji kun sha wuya tare. Mun rubuta cewa da ya zo a watan Janairu kun hau dutsen Pico Duarte, kuma a can ƙololuwa ya nemi aurenki.”

“Ni? Ni da ko kasuwa sai a kan acaba?”

“Ai an riga an aika.”

“To hotuna fa? In suka ce in nuna?”

“Wayarsa ta faɗa kogi. Ke dai ki haddace, ki bar mini sauran.”

Ina fita na kira Wilkin. A kicin ɗin Mami ya nemi aurena, hannuna duk albasa, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Watan Janairun da ake magana ma, ban samu ganinsa yadda nake so ba, don Doña Fior ta kankane shi, har ya ɓace kwana uku ya ce ya kai ta gaida kawunsa a wani ƙauye da babu sabis.

“Rabin raina, ki kwantar da hankalinki,” ya ce. “Ni na san dutse, kin san duk Lahadi da hawansa nake hutawa a nan. Zan tsara miki komai.”

Ya kuwa tsara. Ya ce in ce sunan alfadarar da ta ɗauki kayanmu Paloma, mai farin goshi. In ce a gangaren da ake kira Hawan Nadama na zauna na yi kuka na ce a mayar da ni gida. In ce ƙafata ta hagu ta yi bororo, ya cire safarsa ya ba ni, da muka isa sansani ya haɗa mini shayin citta. Na yi mamakin yadda ya iya ƙaga labari haka, mutumin da ko gaisuwar ranar haihuwa ba ya iya cika layi biyu.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Shekara huɗu ina jiran mutum, na kori masu mota na kori masu shago, sannan a ce soyayyata ba ta isa a nuna wa bature ba sai an ɗinka mata riga.

*

Ni ban iya ƙarya ba, idona ne ke tona ni. Na ce tunda an riga an ɗaura mini dutse a wuya, to zan je in gan shi da idona, ko bakina ya daina rawa.

Damaris, abokiyar aikina, tana cikin wata ƙungiyar mata masu tafiyar ƙasa. Ta ara mini takalman ƙanenta da wata sanda, muka fara da hawan tudun Santo Cerro ranar Lahadi bayan coci. Ranar farko ban kai rabi ba na rungume wata bishiya ina haki. 'Yan acaban bakin hanya kuwa suka samu abin yi.

“Niurka, biza ce ta ƙi fitowa za ki tafi Amurka a ƙafa?”

Na yi banza da su. A hankali na koyi abubuwan da ban taɓa zaton akwai su a duniya ba. Ashe ɗaurin igiyar takalmi na hawa daban, na sauka daban. Ashe ba a jiran ƙishi kafin a sha ruwa. Na koyi kafa tanti a tsakar gidanmu, kaji suna shiga suna fita, Mami tana tsaye riƙe da ƙugu.

“Dubi yadda kika koma,” ta ce. “Dama yaya lafiyar kura, balle ta yi hauka. Matar nan tana ce miki baƙa, ke kuma kin je kina gasa kanki a rana. Gashin nan wane mai gyara ne zai iya da shi kafin ranar?”

“Mami, ba gashina za su tambaya ba.”

“Komai suke kallo. 'Yar maƙwabciyarmu Milagros saboda farcenta aka hana ta.”

Haka dai har ƙungiyar ta shirya hawan Pico Duarte, na ɗauki hutu na bi su. Ba zan ɓoye ba, na sha wuya irin wadda ban taɓa sha ba. A Hawan Nadama na gane dalilin sunan, amma ban yi kuka ba, zagi na yi. Na zagi Pimentel, na zagi tumbinsa, na zagi wanda ya ƙirƙiro biza, har na kai saman gangaren ban sani ba. Matan suka ce daga yau ni ce zan riƙa shiga gaba.

A cikin alfadaran da suka ɗauki kayanmu akwai wata mai farin goshi. Na tambayi mai jan ta sunanta, ya ce Paloma. Gabana ya ɗan faɗi, sai na ce a raina ai Wilkin bincike ya yi, ya tambayi abokansa masu hawa. Har daɗi na ji wai ya damu da ni.

Da muka kai ƙololuwa rana tana fitowa, gizagizai suna ƙasa da ƙafafunmu, sanyi yana yanka kunne. Na zauna a kan dutse ina kallo. Tun da Wilkin ya tafi ban taɓa yin wani abu da ba jira ba ne sai ranar. Na so wurin, kuma ba don kowa ba.

*

Ana saura 'yan kwanaki intabiyu, sai ga saƙon Doña Fior wai mu zo cin abincin rana ranar Lahadi. Mami ta kusa taka rawa.

“Kin gani ko? Haƙuri maganin zaman duniya. Ta sauko.”

Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza, amma na bi ta.

Mun tarar da farfesun sancocho a tukunya har da nama kala-kala, ga Yokasta tana rarraba kwanuka kamar ita ce matar gidan. Doña Fior ta yi mini kallon sama da ƙasa.

“Ikon Allah, Niurka, ke ce? Na ɗauka mai kawo gawayi ce. Zauna, zauna. Ke ma uwarta Belkis, ki saki jikinki, nan ba tasha ba ce.”

Mami ta yi dariyar yaƙe ta zauna a gefen kujera. Na ga yadda take ɓoye hannuwanta masu tabon mai a ƙarƙashin tebur, raina ya ƙara ɓaci.

Bayan an ci, Doña Fior ta ce tunda duk gidan da ake da mai intabiyu sai an yi gwaji, bari a yi mini. Yokasta ta yi karatun yawon buɗe ido, ta san yadda Turawa ke tambaya, ita za ta zama jami'ar. Aka jera kujeru biyu suna fuskantar juna, aka sa tiren kofi a tsakani wai shi ne gilashin taga. Yokasta ta gyara zama ta ɗaure fuska.

“Sunan wanda zai aure ki?”

Na faɗa.

“Ranar haihuwarsa? Wane aiki yake yi? Wane abinci ya fi so?”

Na amsa duka ba gargada. Waɗannan ai ba sai an koya mini ba.

“A ina ya nemi aurenki?”

“A saman Pico Duarte.”

“Ba ni labarin tafiyar.”

Na fara zubo abin da na haddace. Na ambaci Paloma, na ambaci Hawan Nadama da kukan da na yi. Na ga leɓen Yokasta yana motsi tare da nawa, na ɗauka raini ne kawai.

“Sai ƙafata ta hagu ta yi bororo, ya cire safarsa...”

“Ta dama ce,” in ji Yokasta.

Na tsaya.

“Me kika ce?”

“Ta dama ce ta yi bororo. Kuma ba shayin citta ba ne, cakulan mai zafi ne. Citta ta ƙare tun a hanya. Wilkin bai da riƙo, shi ya sa.”

Mami ta dube ni, ta dubi Yokasta, ba ta gane ba tukuna. Ni na gane. Kwana ukun nan na Janairu suka dawo mini, da kawu, da ƙauyen da babu sabis.

Doña Fior ta ɗauki kofinta ta kurɓa a natse.

“Ai mai abu ita ta san abinta,” ta ce. “Gyara muke miki, kada ki je ki ba mu kunya.”

“Ke kika hau da shi?” na tambayi Yokasta.

“Madrina ce ta ce ya kai ni in ga wurin. Ni ban ce a ba ki labarina ba. Da aka ce mini ke za ki je ki faɗe shi a matsayin naki, ni ma kuka na yi.”

Ta faɗi haka idonta ya kawo ruwa da gaske, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. Wato makonnin nan duka, ina tsaye gaban madubi ina haddace kukan Yokasta, da ƙafar Yokasta, da safar da aka cire aka ba Yokasta. Har dutse na hau don in iya zama ita da kyau.

Na miƙe. Tiren kofin ya kife, ban ko waiwaya ba.

“Doña, kun gama?” na ce. “Abincin ya yi daɗi. Allah ya saka muku daidai da niyyarku. Mami, tashi mu tafi.”

“Ka ji 'yar tasha,” in ji Doña Fior a bayanmu. “Ko godiyar gyara babu.”

*

Ban jira mun kai gida ba. A bakin titi, rana tsaka, na kira shi. Yana ɗauka na ji ƙarar iska, wato yana kan wani dutsen.

“Rabin raina...”

“Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Hagu ce ko dama?”

“Me?”

“Ƙafar da ta yi bororo. Yokasta ta ce dama ce.”

Ya ja dogon numfashi.

“Niurka, ki saurare ni. Wallahi babu abin da ya shiga tsakaninmu. Mama ce ta tasa ni a gaba, ta ce in ban kai yarinyar ba jininta zai hau. Mu goma sha ne a tafiyar, tantin mata daban. Na ɓoye miki ne don na san za ki ji haushi.”

“Ka ɓoye, na ji. Wannan laifi ɗaya ne, da mun yi faɗa mun shirya. Amma ka ɗauki abin da kuka yi da ita ka zuba mini a baki? Ka sa ni ina maimaitawa kana gyara mini?”

“Pimentel ne ya ce labarin da ya faru ya fi sauƙin riƙewa. Ya ce in suka kira ni suka tambaya, ba zan ruɗe ba.”

“Kai ba za ka ruɗe ba. To ni fa?”

Kuka ya ƙwace mini a nan, a gaban mai sayar da kwakwa. Na tsani in yi kuka ina cikin faɗa, amma ya ƙi tsayawa.

“A kicin ɗin uwata ka durƙusa, Wilkin. Gwiwarka har ta taka ɓawon rogo. Me ya same shi da ba za a faɗa ba? Kunyarsa kake ji? Ko kai ma ka fara ganina da idon mamarka?”

“Haba Niurka. Ni da na yi shekara huɗu ina kwana a mota don in kawo ki? Ke na zaɓa. Da Yokasta nake so ai da tuni an gama, ba mai hana ni.”

Muryarsa ta karye, na ji shi ma yana kuka. Na san gaskiya yake faɗa a wannan, kuma sanin bai rage mini komai ba.

“A ƙololuwar fa?” na ce. “Takarda ta ce a can ka nemi aure. Shi ma ya faru?”

“A'a. Wannan Pimentel ne ya ƙara. Na rantse da kabarin babana.”

“To ka kira su ka gyara.”

“Ba ya gyaruwa. In kika canza magana yanzu, za su ce mun yi musu ƙarya, su rufe miki ƙofar biza, ni ma su saka mini ido. Ki daure ki faɗa sau ɗaya kawai. Minti biyar ne. In kika iso, duk dutsen da kike so a ƙasar nan zan hau da ke.”

“Sau ɗaya,” na ce. “Hagu zan ce ko dama?”

Na kashe wayar.

A gida Mami ta zaunar da ni a bakin gado, ta riƙe hannuna biyu. Na zaci za ta zagi Doña Fior, sai ta ɓullo ta wani wajen.

“Abin da take so ke nan, ki yi fushi ki watsar. Kada ki ba ta. Ki je ki faɗi abin da aka ce, ki karɓi bizarki, ki auri ɗanta tana ji tana gani. Wannan ita ce ramuwa.”

“Mami, labarin wata ne.”

“Labari ai ba riga ba ne da za a ce ya matse ki. Shekara talatin ina tsaye a kan mai mai zafi, 'yar nan. Ban taɓa roƙonki komai ba. Ba don ki aiko mini da wani abu ba, wallahi. So nake ki fita daga inda mace irin wannan za ta kira ki mai gawayi a gabana, ni kuma in yi dariya.”

Hawaye suka zubo mata. Na kwantar da kaina a cinyarta kamar yarinya.

*

Ranar ta zo. Na kwana da gashi a naɗe bayan mai gyara ta kusa ƙona mini fatar kai, na sa rigar da Mami ta goge har sau biyu. Motar asuba muka shiga zuwa Santo Domingo, inda ofishin yake. Abin mamaki, Doña Fior ma ta biyo mu a motar haya ita da Yokasta, wai ta zo taya mu addu'a.

A ƙofar ofishin layi ya miƙe, kowa ya ci ado kamar ranar biki, kowa fuska a tsorace. Ba a shiga da waya, ba a shiga da ɗan rakiya. 'Yan uwa suna tsayawa a tsallaken titi, idonsu a kan hannun duk wanda ya fito. In ka fito hannu wayam, an karɓi fasfonka za a buga biza. In ka fito riƙe da shi, ba sai an tambaye ka ba.

Na ba Mami wayata na shiga.

A ciki sanyi ya yi yawa, amma hammatata jiƙe take. Wata da ke kusa da ni tana ta motsa baki tana bitar nata labarin, ido a rufe. Ko nata ne, ko ita ma aro aka ba ta, oho.

Aka kira lambata. Jami'ar mace ce mai ɗan shekaru, da tabarau a rataye a wuya, tana jin yarenmu sarai. Ta sa na ɗaga hannu na yi rantsuwa cewa gaskiya zan faɗa. Ta tambayi sunansa, da aikinsa, da garin da yake. Ta tambayi inda muka fara haɗuwa.

“A kemis,” na ce. “Ya dawo neman lemar da bai zo da ita ba.”

Ta yi ɗan murmushi tana buga na'urarta. Sannan ta sa tabarau ta duba takardun.

“Na ga kun hau Pico Duarte. Ni ma na taɓa gwadawa, a rabi na koma. Ba ni labarin ranar.”

Ga shi nan a kan harshena, a jere, Paloma da kuka da safa. Na buɗe baki. Abin da ya tsaya mini kawai shi ne ƙafar nan: in na ce hagu na bi Wilkin, in na ce dama na bi Yokasta. Ni ƙafafuna biyu lafiya suka sauko daga dutsen nan.

“Na hau shi,” na ce. “Watan jiya, da ƙungiyar mata. Ba tare da shi ba.”

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

“Takardar ta ce tare, a watan Janairu.”

“Shi ya hau a Janairu. Da wata ya hau, ba ni ba.”

“Kin san abin da kike faɗa mini?”

“Na sani.”

“To a ina ya nemi aurenki?”

“A kicin ɗin mahaifiyata, ina yanka albasa. Wanda ya cika mana takardu ya ce wannan bai isa ba.”

Ta daɗe tana rubutu. Rawar da jikina ya yi makonni yana yi ta tsaya cak.

“Tambaya ta ƙarshe,” ta ce, muryarta ta sauka. “Kina son mutumin nan?”

Na ba ta amsa. Ta gyaɗa kai, ta ce ba za ta iya amincewa yau ba, za a mayar da takardun a sake bincike, kuma ba ta san ranar da za a gama ba, ko ma yadda za ta kaya. Ta turo mini fasfona ta ƙasan gilashi.

Na fito riƙe da shi, ban sa a jaka ba. Daga tsallaken titi Mami ta hango hannuna, ta nemi gefen kwalbati ta zauna. Doña Fior kuwa ta ɗaga murya don kowa ya ji.

“Ban faɗa ba? Su ma Turawan sun gane mai neman biza.”

“Da biza take nema, Fior, da yanzu tana hannunta,” in ji Mami daga inda take zaune, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ki kama bakinki haka nan.”

Ban taɓa jin Mami ta kira ta da sunanta kawai, ba Doña na girmamawa ba, sai ranar. Kafin matar ta samu abin cewa, wayata ta yi ƙara a jakar Mami. Wilkin ne. Na karɓa.

“Yaya? Sun karɓi fasfon?”

“Yana hannuna.”

Na ji ya bugi wani abu, kamar sitiyari.

“Me kika ce musu? Niurka, me kika ce musu a kaina?”

Na jira ko zai tambayi yadda nake. Bai tambaya ba.

“Na ce musu da wata ka hau dutsen. Na ce musu a kicin ka nemi aurena.”

“Kin kashe mu. Shekara huɗu, Niurka. Shi ke nan abin da kika faɗa?”

“A'a. Ta tambaye ni ko ina sonka.”

Motoci suna wucewa, Yokasta ta sunkuyar da kai, Mami tana kallona da jajayen idanu.

“Me kika ce?” ya tambaya a hankali.

“Na ce ina sonka. Ta yarda kuwa, na gani a idonta.” Hawaye suka gangaro mini, ban share ba. “Ka je ka tambayi Pimentel ko wannan ya isa.”